Maganar da Inna Ta Faɗa Sau Ɗaya

Ummata ita ce 'yar fari a wurin kakata, wadda duk gidan muke kira Inna. Saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba. In za ta ambace ta sai ta ce "ta Gusau", in kuwa Umma na zaune a wurin sai ta ce "waccan". Idan muka je Tsafe gaisuwa, Umma kan durƙusa daga bakin ƙofa, Inna ta amsa tana kallon buta ko wata kaza da ke kiwo a tsakar gida. Daga nan duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta kanmu take bi.

"Ki tambayi uwarki ko ta ci abinci."

"Ki ce wa kakarki na ƙoshi."

Alhali tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Ƙannena dariya abin yake ba su. Ni ban cika dariyar ba, don tun ina ƙarama na fi iya kallo a kan magana, kuma na lura duk sanda Umma ta juya za ta fita, Inna kan bi ta da ido har labule ya koma wurinsa.

Umma ta taɓa ba ni labari cewa farkon aurenta wasiƙu kan zo mata daga Tsafe. Inna ba ta yi boko ba. Mai rubuta mata ƙanwar mijin Inna ce, malamar firamare, wadda Umma ke kira Gwaggo Malama, mu ma muka gaji kiran. Umma ta ce a takarda Inna wata mace ce daban. Takan tambayi ko ana barci da kyau, ko mijin yana da faɗa, ko ruwan Gusau ya karɓe ta. Har "ɗiyata" takan ce. Na tambayi Umma ina wasiƙun suke, ta ce gara ta cinye su tare da akwatin a tsohon gidan da muka yi haya.

Da waya ta zo sai wasiƙa ta tsaya. Gwaggo Malama ta yi ritaya ta koma Bungudu wurin ɗanta. Kawuna ya saya wa Inna ƙaramar waya mai maɓalli, kowa ya ce an huta. Amma ni da nake riƙe wayar a namu ɓangaren na san ba a huta ba. Umma za ta gaishe ta, Inna ta ce "lahiya lau", shiru ya biyo baya, sannan ta ce, "Ba ni yarinyar nan." Sai a miƙo mini, mu yi ta wasan kaka da jika, Umma na gefe tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

A makaranta kuwa ni ce ake nunawa in ana maganar rubutu. Hannuna yana da kyau, layina ba ya karkacewa ko a allon da ba shi da layi. Malami kan shigo ya miƙo mini littafinsa ko wayarsa, ya ce in kwafe a allo, ya fita. Ni in kwafa daga wayar, 'yan aji su kwafa daga allo, waɗanda suka zo da waya a ɓoye su ɗauki hoton allon su ce sai sun je gida. Wasu malaman ma ba sa wahalar da alli, sai su ce a je a yi fotokofi a bakin ƙofa. Jarrabawa yawanci zaɓi ne, a ba ka amsa huɗu ka duhunta ɗaya da fensir. Akwai wasiƙa guda ta Turanci da muka haddace tun ajin farko, zuwa ga kawu a nemi kuɗin makaranta, sai dai a sauya kawun ya koma baffa. Ba na zargin malamanmu. Ajinmu ya cika har wasu a taga suke zama, wa zai duba insha'in wannan taron? Abin da nake cewa kawai shi ne, na kai aji huɗu na sakandare ana kirana mai rubutu, ban taɓa zama na rubuta abin da ba a riga an rubuta mini shi a wani wuri ba. Ban kuma san da hakan ba.

Shekarar da aka katse layukan waya a jiharmu saboda sha'anin tsaro, an rufe makarantu ma. Ƙafafun Inna sun kumbura a lokacin, matar Kawu tana jego, sai aka ce in je Tsafe in zauna da ita tunda zaman banza nake yi. Damina ta kusa ƙarewa, gero ya yi kai a gonakin bakin hanya. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan shi ne tasha. Mutane sun yi cincirindo a tagar direba, kowa da 'yar takarda a ninke. Wasu sun yage ta daga littafin yaro, wani ya yi nasa a bayan kwalin magani. Wani mutum mai babbar waya a aljihun gaba ya tsaya yana cizon biro, ya rubuta ya soke, ya rubuta ya soke, daga ƙarshe ya ce da direban, "Kai, ka dai ce masa in ya samu hali ya zo." Direban ya zuba takardun cikin hularsa ya mayar da ita kai.

"Yau ni ne sabis," in ji shi. "In na cire hula, sabis ya ɗauke."

Mota duka aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi cikin hijabi, ina jin cewa wannan matsalar ta wasu ce.

Zamana da Inna ya yi daɗi. Ina dafa mata ruwan zafi, ina gasa mata ƙafa, ita kuma tana tsokanata. "'Yar birni" take ce mini, wai ban iya kunna murhu ba sai na tara wa unguwa hayaƙi. Wayarta tana rataye a ƙusa cikin 'yar jakar saƙa, ba ta ko kallonta. Na lura ma kamar ta fi sakewa tun da wayar ta yi shiru.

Wata ranar da hantsi, bayan ta sha kunu, ta ce, "'Yar birni, an ce ke ce alƙalamin makarantarku."

Na sunkuyar da kai, na ce haka suke cewa.

"To ɗauko takarda. Akwai magana da za a kai wa ta Gusau."

Na ce, "Inna, ai ko babu sabis wayata tana ɗaukar murya. Ki faɗa kawai in naɗa, in na koma sai in kunna mata."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi.

"Ta ji muryata? Ke, murya ai fuska ce. In zan iya barin ta ji wagga magana da muryata, mi ya hana ni faɗa mata tun tana gabana? Takarda ita ce ba ta da ido. Ɗauko takarda."

Na ɗauko littafin lissafina na ɓalle tsakiyarsa. Na zauna na ɗora a gwiwa, na zana layi a gefe da kyau yadda muke yi a makaranta. Inna ta gyara zama ta ba ni baya, ta fuskanci bango. Sannan ta fara.

Ba da muryar da na sani ta yi magana ba. Babu tsokana a ciki, ba ta sauri kuma ba ta tsayawa. Ta fara daga ranar da ta haifi Umma, lokacin cirar gyaɗa, ita kanta yarinya ce ba ta fi ni ba sosai. Ta ce da aka miƙo mata jaririyar kawar da kai ta yi, don ɗaki cike yake da surukai, amma ta saci kallon kunnenta ta ga irin nata ne. Ta ce da aka yaye Umma sai aka kai ta 'Yankuzo wurin kakarta ta wajen uba, yadda aka saba yi da ɗan fari. Takan tafi can a ƙafa da sunan aron rariya, alhali tana da rariya biyu rataye a ɗaki, don dai ta hango ta tana wasan ƙasa.

Ni kuwa ina can ina fama da layin farko. Na rubuta sallama. Daga nan ban san ta inda ake shiga ba. In ce "Inna ta ce" ne, ko in rubuta kamar ita ce ke magana? Ina wannan tunanin ta wuce gyaɗa ta kai 'Yankuzo. Na yi ƙoƙarin kamo ta, na rubuta kalma biyu, ta riga ta yi gaba. Hannuna da ya saba ido ya gani ya kwafa, yau kunne ne ke miƙo masa, sai ya tsaya cik. Kunya kuma ta hana ni cewa ta dakata.

Na ji sanda ta zo kan ƙuna. A wani taron suna ne, Umma tana 'yar ƙarama, ta taka toka mai wuta a ƙarƙashi. Cikin duk matan da ke gidan ita ta nufa da gudu tana kuka, ta riƙe mata zane. Inna ta ce, "Na ɓamɓare hannunta daga zanena. Na ce da mata, ku ɗauki ɗiyarku. Sunka yaba mani, wai na cika mai kunya. Ni kuwa har yau in na rufe ido ina jin yatsun nan." Na san tabon. Yana nan a tafin ƙafar Umma ta hagu, fari, ina ganinsa in tana sallah. Ban taɓa tambayar asalinsa ba.

Daga nan ta shiga maganar ranar da aka kai Umma gidan miji. A daidai nan ne na sunkuya na ce bari in rubuta maganar ƙunar kafin ta gudu mini. Ina haɗa jimlar a kaina, ina soke ta, ina jin muryar Inna sama-sama kamar rediyon maƙwabta. Na ji an ambaci mota, na ji an ambaci wani abu da ta riƙe a hannu. Sai muryarta ta karye. Ta ja hanci, ta goge fuska da gefen ɗankwali. Da na ɗago, wurin ya riga ya wuce.

"Ki ce ta yafe mani," in ji ta. "Shi ke nan. Karanta in ji."

Na dubi takardar. Sallama ce, da guntayen kalmomi a warwatse, da soke-soke. Na ce ta ba ni lokaci in gyara. Na juya bayan takardar na rubuta abin da hannuna ya iya, irin yadda muke rubutu a waya. Gaisuwa, muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, Inna ta tuna da abubuwan da suka wuce, ta ce ki yafe mata duk abin da ta yi miki. Ko rabin shafi bai kai ba. Na karanta mata.

Ta jira in ci gaba. Da ta ji shiru ta juyo.

"Ina sauran?"

Na ce, "Inna, kin yi sauri. Ki sake faɗa a hankali, wallahi zan rubuta."

"Sauri? Gwaggonku tana rubutawa tana cin goro." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta shafa rubutun da ɗan yatsa. "Ga shi kuwa kamar zanen lalle. To, haka bokon ya koma."

Na sake roƙonta. Ta girgiza kai.

"Irin wagga magana ba a ɗora ta wuta sau biyu. Shekara da shekaru nike tara ƙarfin faɗinta. A kai hakanan. Kuma ban yarda ki tsaya gabanta ki faɗa da baki ba, don in kin faɗa za ki ga fuskarta, ita kuma ta san kin gani."

Kawu ya kai takardar tasha. Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo cikin ambulan na gaske, ban san inda Umma ta samo shi ba. Umma iyakarta firamare, amma ta cika shafi biyu. Ta fara da gaisuwa mai tsari, kowa da matsayinsa, ta yi bayanin maganin ƙafa da yadda za a sha, ta ba da labarin ƙannena har da wanda ya faɗa kwata, ta yadda ina karantawa ina ganinsa. Ban taɓa sanin Umma ta iya haka ba, don a waya daga "to" sai "Allah ya kai mu" take rubutawa. Maganar yafiya kuwa layi ɗaya ta samu a ƙarshe: ba ki yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amsar da ake ba kowa ce. Ba laifinta ba ne. Abin da na aika mata bai bambanta da saƙon da mutane ke tura wa duk wanda ke cikin wayarsu in azumi ya gabato ba.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Madalla." Ta ce in ɗauko mata ruwan alwala, ko da yake azahar da saura.

Da aka buɗe makarantu na koma Gusau da abin a ƙirjina. Na gwada rubutawa ni kaɗai ba sau ɗaya ba. Kullum in na fara sai ya fito kamar amsar jarrabawa, ko kuma kamar hirar waya. Kullum kuma sai in ga wani abu ya ragu daga abin da nake tunawa. Rannan na ce da Umma ina so in je Bungudu in gaida Gwaggo Malama. Ta yi mamaki, don ni ba mai son fita ba ce, amma ta ba ni kuɗin mota da ƙullin kuka in kai mata.

Na sami Gwaggo Malama zaune a inuwar darbejiya, ga rediyo a gefe. Yanar tsufa ta rufe mata ido ɗaya, hannunta kuma yana rawa har kofi sai ta riƙe da biyu. Bakinta dai yana nan garau. Da na gama kame-kame na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta kashe rediyon.

"Ta faɗi maganar tokar?"

Na ce ta faɗa.

"Ikon Allah. Duk shekarun da na yi ina rubuta mata, sai ta zo bakin wagga magana ta kauce ta koma kan farashin gero. Ta zo ta faɗa, sai aka samu alƙalami ba tawada." Ta ƙura mini idon mai gani. "Aji nawa kike?"

Na faɗa mata.

"Ana yi maku shifta?"

Na ce mene ne shifta.

Ta tafa hannu ta kira matar ɗanta daga kicin. "Zo ki ji! 'Yar sakandare tana tambayata mi ne ne shifta!" Matar ta leƙo tana dariya, ta ce ita ma ta manta. Gwaggo ta ce, "Ku tahi can, taron na ayya." Sannan ta yi mini bayani. Malami ya karanta, yara su rubuta abin da kunnensu ya ji, ba allo ba littafi. Kowace safiya suke yi kafin rana ta yi zafi. Bayan shi sai insha'i, a ce ka rubuta yadda ake dakan fura ko abin da ka gani a hanyar makaranta, malami ya bi da jan biro.

"Ba don mun fi ku kai ba ne," in ji ta. "Mu ba mu da abin da zai riƙe mana magana sai hannu. Ku kuwa kun ba waya ajiya."

Ta gaya mini yadda take yi da Inna. Ba ta zana layi, ba ta neman kyan rubutu, fensir take riƙewa don ya fi gudu. Kan kowace magana take kamawa, kalma biyu ko uku, ta bar fili. In Inna ta yi nisa sai ta yi tari, ko ta ce a miƙo mata ruwa, don mai irin wannan magana in ka ce masa ya dakata ya tuna da kai ke nan, sai kunya ta dawo. In an gama kuma ba ta cin abinci sai ta cike filayen, tun maganar tana da ɗumi.

Na ce, "Gwaggo, ki faɗa mini yadda zan sa, ke kin san bakinta."

"A'a. Ni ban taɓa sa mata magana a baki ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Abin da kunnenki ya riƙe shi za ki rubuta, yadda ta faɗe shi. In ta ce rariya ki ce rariya, kar ki ce abubuwan da sunka wuce. Inda babu, ki bar wurin fari."

Muka zauna har la'asar. In rubuta jimla in karanta mata, ta ce, "Haka ta ce, ko haka kike so ta ce?" In soke. Wani lokaci tambayarta ce ke tono mini abin da na zaci ya tafi. Ita ce ta tambaye ni ko Inna ta ambaci abin da ta fara gani a jikin jaririyar, sai maganar kunnen ta dawo mini. Amma da muka zo ranar kai amarya, duk ta inda ta ɓullo babu. Mota, da wani abu a hannu, da muryar da ta karye. Gwaggo ta ce ita a ranar tana cikin motar tare da amarya, ba ta san abin da ya faru a cikin gida ba. Na rubuta: a nan ta yi maganar ranar da aka kai ki, ban riƙe ba. Na bar fili a ƙasa.

Shafi ɗaya ya tashi da 'yan layuka. Rubutun bai yi kyau ba, ya hau ya sauka, amma ranar ce na fara jin cewa na rubuta wani abu.

Na ajiye wa Umma takardar a kan filonta na gudu gidan maƙwabta. Da na dawo tana wanke-wanke. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Sai da ta kife tukunya ta ƙarshe ta ce, tana kallon ruwan da ke gangarawa, "Da bakinta ta faɗi wannan?"

Na ce, "Ta faɗi fiye da haka."

"Wurin da kika bari fari fa?"

Na ce shi ne wanda ya zube mini.

Ta ɗauraye hannu ta shige ɗaki. A ƙarshen makon ta ce in shirya, za mu Tsafe. Lokacin an dawo da sabis, da kira kawai za ta iya yi, kuma hanyar ba kowa ke son binta ba in ba dole. Ba ta kira ba.

Gaisuwarsu ba ta sauya ba. Umma daga bakin ƙofa, Inna tana kallon gefe. Amma da na kawo ruwan zafi zan gasa ƙafar, Umma ta karɓi tsumman daga hannuna ta durƙusa. Inna ta so janye ƙafar, sai kuma ta bari. Umma tana matsa tsumman ta ce da ni, da ƙarfi yadda ba sai na maimaita ba, "Ki ce wa kakarki ƙafar nan tawa ta warke tun tuni. Ko zafinta ban tuna ba. Zanen kawai na tuna, mai ruwan bula."

Inna ta daɗe tana kallon bango.

"Ki ce mata na ji."

Da za mu tafi Umma ta tura ni ciki ni kaɗai, ta ce in tambayo maganar ranar kai amarya. Na durƙusa kusa da Inna na ce yanzu na koyi yadda ake yi, ga fensir ma na zo da shi. Ta yi 'yar dariya ta dafa kaina.

"'Yar birni, na ba takarda, takarda ba ta karɓa ba. Wanda ya isa ya isa. Ku tahi kar yamma ta yi maku a hanya."

Inna ta rasu a shekarar da ta biyo baya, bayan ƙaramar sallah. Ba ta sake cewa a ɗauko takarda ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Har yau ni ake ba wayar malami in kwafe a allo, har yau ana cewa hannuna ya fi na kowa. Ƙawayena in za su aika saƙo danna waya suke su yi magana, in an turo musu rubutu mai tsawo su ce wa zai karanta wannan. Ba na ce musu komai, don ni ma haka nake yi in ina sauri. Sai dai in an sa labarai a rediyo nakan ɗauki fensir in bi mai karantawa, in ga iya inda zan kai kafin ya tsere mini. Ina ɗan kaiwa nesa yanzu. Amfanin da na so in yi da shi ne ya riga ya wuce.

Umma ba ta taɓa yi mini faɗa a kan abin ba. Amma lokaci-lokaci, muna tsakiyar aiki, sai ta jefo tambayar kamar ba komai. Kwanan baya muna gyaran alayyahu ta ce, "Abin da ta riƙe a hannun nan, ba ki ji kamar ta ce ɗankunne ba? Don na tuna na bar ɗaya a ɗakinta ranar."

Na rufe ido na koma ɗakin, ga bayan Inna, ga takarda a gwiwata. Na so ƙwarai in ce e. Da na ce e, na san za ta yarda, ta samu abin riƙewa.

Na ce, "Umma, ban ji ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in miƙo mata wata wuƙa, wannan ta dakushe.